Ba'indiye Ya Zo Binciken Asalinmu

Masana sun daɗe suna gardama a kan inda ake yanke manyan hukunce-hukuncen duniya. Wasu sun ce majalisun ƙasashe, wasu sun ce kotuna. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tarihi, na kuma tsufa ina shiga motar haya, ina da yaƙinin cewa babu zauren shawara a doron ƙasa da ya kai kujerar baya ta motar Gwarzo. A nan ake naɗa gwamna a kuma sauke shi kafin a kai Rimin Gado. A nan ɗin ne aka fara sauraron shari'ar auren ɗan ƙanwata, Kabiru.

Ga yadda maganar take. Kabiru ya je Indiya karatun haɗa magunguna, ya dawo da takardar shaida da kuma zancen wata 'yar ajinsu, Nafisa, Musulma 'yar Musulmi. Mahaifinsa ya rasu, don haka aurensa yana hannun yayan mahaifin, Baffa Sale, manomi a ƙauyen Gammo. Baffa ya ce a'a. Kabiru ya rantse ba zai yi aure ba da yawun Baffa ba, ya kuma rantse ba zai auri wata ba. Tsakanin rantsuwar nan biyu yaro ya rame har wandonsa yana neman sabon mazagi. Ana cikin haka kawun yarinyar, Alhaji Rashid, wanda ya fi shekara ashirin yana sayar da injin ban-ruwa a Kano, ya ce a kai shi ya ga garinmu. Aka ɗora mini rakiya.

Daga Kano

Ana idar da sallar Asuba na fito, gari bai gama wayewa ba. Na tarar da Alhaji Rashid a tasha cikin farin yadi da hula zanna, yana cin ƙosai a takarda. Yana da mota, yana da direba, amma ya ce ta haya za mu shiga.

"Malam Habu, a motata direbana zai gaya mini abin da nake so in ji. A nan kuwa kyauta za a gaya mini wanda ba na so."

Hausarsa ta 'yan kasuwa ce tsantsa, har ta fi tawa saurin kai wa ga magana. Muka matsu a baya mu huɗu, da wata Hajiya mai kai atamfofi Gwarzo da wani saurayi ɗan jami'a. Ba mu gama fita gari ba direba ya dube shi ta madubi.

"Alhaji, ko kamfani za a buɗe mana a Gwarzo?"

"Maganar aure ce ta kawo ni. 'Yar ƙanwata ce wani yaronku yake so."

Nan take aka buɗe majalisa. Direba ya ce shi da zai samu Ba'indiya, gobe zai sayar da motar nan. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai ɗana ya kawo mini wadda ba za ta iya ce mini ina kwana ba, gara ya mayar da ita inda ya gan ta."

"Hajiya, wannan fa shi ake kira wariyar launin fata," in ji ɗan jami'a.

"Kai yaro, wa ya yi maganar fata? Fatarsu ai ni na fi kowa so. Man shafawa nawa na saya ban samu irinta ba? Ni wadda zan yi wa faɗa ta gane nake nema."

A shingen bincike wani jami'i ya leƙo, ya ga baƙo, ya fara haɗa Turanci. Alhaji Rashid ya ce masa, "Barka da aiki, ya ƙoƙari, ya iyali?" Jami'in ya yi dariya har ya manta bai duba but ɗin motar ba. Muka wuce Rimin Gado ana ta gardama. Dawa ta fitar da kai a dama da hagu, damina ta yi kyau, kowa a motar yana da ra'ayi a kan auren da ba a gayyace shi ba.

Gwarzo

Mun sauka da hantsi. Hanyar Gammo ta Kabo take, amma baƙona ya nace sai mun fara zuwa Gwarzo, domin a nan Kabiru ya yi sakandare, a gidan tsohon abokin aikina Malam Yohanna kuma ya zauna. Malam Yohanna mutumin kudancin Kaduna ne, ya koyar da lissafi a garin nan har 'ya'yan ɗalibansa sun zama ɗalibansa. Matarsa Madam Rifkatu ta kawo mana gwaten acca da zafinsa.

Ni na zaci gaisuwa muka zo. Sai na ji Alhaji Rashid ya gyara zama yana tambaya a hankali. Yaron yana sallah ba sai an tashe shi ba? Yana da zafin hannu? A danginsu akwai mai taɓin hankali? Mazan gidansu suna yawan saki? Cokali ya tsaya mini a hanya. Waɗannan ai su ne tambayoyin da mu muke aika dattijo ya yi a garin wanda ya zo neman 'yarmu. Tun da aka fara maganar nan, duk danginmu muna ta muhawara ko za mu karɓi yarinya. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mu ma ana iya auna mu.

Madam Rifkatu ta ce, "Kabiru? Laifinsa ɗaya, ba ya ƙoshi."

Na kawo wa Malam Yohanna ƙarar Baffa Sale, na ce na shirya wa Baffan jawabi a kan wariya tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka. Ya girgiza kai.

"Habu, ka bi a hankali da kalmar nan. Da 'yata ta kawo mini yaro daga kudu, cocinmu ɗaya, fatarmu ɗaya, wata shida ina cewa a'a. Tsoro nake ji a kai ta inda in ta yi kuka ba zan ji ba. To ni wariyar me na yi?"

"Amma in da ka ce don shi wane iri ne ka ƙi shi fa?"

"To da na yi. Sai dai mai yin ba ya faɗin haka. Kowa tsoron nesa yake cewa."

Madam Rifkatu ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka gaya musu yanzu wa yake aiko maka da doya."

Kabo

Bayan Azahar muka sami wata ƙaramar mota mai komawa, ta ajiye mu Kabo. A nan ma baƙona bai nemi gidan kowa ba. Ya nufi rumfar wani mai gyaran injin ban-ruwa, ya tsuguna yana duba wani inji kamar mai saye, har hira ta kai kan Baffa Sale.

"Alhaji Sale na Gammo? Ba ya cin haƙƙin kowa. Amma in ya ce bangon nan fari ne, sai dai a nemo farar ƙasa a shafe shi."

Muka sha fura mai sanyi a gindin wata bishiyar darbejiya, sannan muka hau babura biyu. Hanyar ta ci ruwa. A wani rafi sai da muka sauka muka naɗe wando, Alhaji Rashid riƙe da takalmansa a hannu yana tambayar ɗan acaɓa ko ya san gidan su Kabiru. Har a tsakiyar ruwa mutumin nan aiki yake yi.

Gammo

Mun isa ana shirin La'asar. Baffa Sale ya karɓe mu a zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. An gaisa an tambayi gajiya, da gida, da kasuwa, da damina, da mutanen Kano, da mutanen Indiya baki ɗayansu. Bayan sallah Baffa ya yi gyaran murya.

"Alhaji, kai baƙo ne mai daraja, ba zan ɓoye maka ba. Ba ni da abin cewa a kan yarinyarku. Amma mu a gidan nan ba mu saba ba. Kowa ya tsaya a cikin nasa. 'Ya'yan da za a haifa, ba mu ba, ba ku ba. Ni ban yarda ba."

Na buɗe baki zan fara jawabina. Alhaji Rashid ya riga ni. Ya ɗaga hannu sama, fuskarsa ta cika da murna.

"Alhamdu lillahi! Baffa, ka sauke mini kaya. Dama mu ma ba ma so."

Baffa ya zuba masa ido.

"Ba kwa so?"

"Mahaifiyata, kakar yarinyar, ita ce babba a gidanmu. Ta ce sam. Ni dai an ce in zo in duba don kada a ce ba a duba ba. Yanzu sai in ce mata ku ma kun ƙi, shi ke nan kowa ya huta."

"Tsaya tukuna. Me ta ce ta gani a jikin Kabirun?"

"Ba ta taɓa ganinsa ba, sai a hoto. Ta ce baƙi ne."

Ban taɓa ganin dattijo ya miƙe da sauri irin haka ba.

"Baƙi! Ita ta halicce shi? Yaron da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu? Malam Habu, kai ka yi boko, me ake kiran wannan?"

"Wariyar launin fata, Baffa."

"Yawwa! Ita ce!"

"To naka fa?"

Ya harare ni. "Nawa daban. Nawa al'ada ce."

Daga nan ba mu ƙara zama ba. Baffa ya kama hannun baƙo ya zagaya da shi. Ya nuna masa rumbunan da ba su taɓa zama wayam ba, da gonar dawa har inda ido ya tsaya, da masallacin da kakansu ya gina, da rijiyar da duk unguwa ke sha. Ya aika aka kira liman ya ba da shaida. Aka kayar da rago. Labari ya shiga cikin gida cewa an raina Kabiru a Indiya, sai ga matan da jiya suke cewa ba sa son Ba'indiya sun ɗora tukwane, har da sinasir da ba a yi sai da biki. Mahaifiyar Kabiru kuwa, ƙanwata, ta kira ni gefe tana dariya tana share hawaye, ta ce, "Yaya, me kuka yi wa Baffa?"

Mun kwana a ɗakin baƙi. Da safe Baffa ya sa babbar riga ya ce a kira masa tsohuwar a waya, irin kiran da ake ganin juna. Sai da muka hau wani tudu bayan gari kafin a samu sabis. Ga ta nan, 'yar tsohuwa da farin mayafi da tabarau. Alhaji Rashid ya yi mata bayani da yarensu, muka ga ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Me take cewa?" in ji Baffa.

"Na gaya mata jiya ka ce ba ka so. Tana tambaya, wane ne kai da za ka ƙi jikarta? Ta ce yarinyar ta fi kowa a ajinsu, ta iya girki, likitoci biyu sun nema an hana."

"Ce mata namu ma an nema!"

"Baffa, ai namiji ne."

"Ce mata dai!"

Aka yi ta yi, tsoho a kan tudu, tsohuwa a bayan teku, kowa yana wasa nasa. Ta ce in ya isa ya aiko a nema ya ga ko za a ba shi. Ya ce ya aiko, ga wakilinsa nan, ya nuna ni. Ta ce to an ba shi, ta ga yadda zai yi. Ya ce ya karɓa, ta zuba ido. Sai da liman ya ɗaga hannu ya fara Fatiha sannan su biyun suka lura da abin da suka aikata. Tsohuwa ta shafa, Baffa ya shafa. A nan ne kawai ba a nemi tafinta ba.

Na kira Kabiru na gaya masa. Sai na ji yana cewa, "Kawu, ka rantse."

Komawa

Baffa ya raka mu har bakin rafi da buhun gyaɗa da kaji biyu, yana yi wa 'yan acaɓa wa'azi cewa mutane duk 'ya'yan Annabi Adamu ne, babu fari babu baƙi. A motar Kano na tambayi Alhaji Rashid ko da gangan ya yi murnar nan ta jiya.

"Malam Habu, duk abin da na faɗa gaskiya ne. Sai dai ni ɗan kasuwa ne. In mai saye ya raina kaya, ba na roƙonsa. Naɗewa nake farawa."

Na isa gida kafin Magariba, ƙafa duk taɓo, da kaza ɗaya rabona. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Malam Yohanna da Madam Rifkatu, da mutanen Gammo da suka ciyar da mu kamar ba za a sake cin abinci ba. An sa biki bayan girbi. Kabiru ya fara mayar da jikinsa.

Bayan mako biyu wani saurayi daga Masanawa, malamin asibiti, ya aiko neman autar Baffa Sale. Baffa ya hana. Kakan yaron mahauci ne.