Tokar Kawu a Naraguta

Jiya na tsaya sayen kabeji a Tina Junction, sai iska ta kwaso tokar mai gasa masara ta watsa mini a riga. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai, shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Gonarsa ta Naraguta jar ƙasa ce da masu haƙar kuza suka birkice suka yi tafiyarsu, ko ciyawa ba ta tsirowa. Kullum sai ya bi gida-gida da buhu yana kwasar tokar murhu. Ya barbaɗa, ya jawo ruwan kududdufin kuza ya shayar. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya.

Wata safiya na same shi yana ban-ruwa, rediyonsa na rataye a reshe. Aka ce wani dutse ya yi aman wuta a wata ƙasa, toka ta binne gonakin ƙauyawa. Na ce, "Kawu, waɗannan kam tasu ta ƙare."

Ya damƙo ƙasa baƙa ƙirin, mai laushi da danshi, ya kai mini hanci. Ya ce, "Shinshina, ɗana. Wannan ma toka ce. In sun daure sun koma, sai sun rasa inda za su zuba amfani."

A ranin nan mota biyu ta kabeji ta fita daga gonarsa, kuma masu dariyar ne suka taya lodi. Yau bakin kududdufin kore shar, kowa da buhun tokarsa.

Kawu, Allah Ya sa makwancinka ya fi gonar nan sanyi da ni'ima.