Mama Magdalene, Wadda Ta Raba Tulu da Soso

Ai sun zauna a benci ɗaya, Amurka da Rasha, kowa ya gani da idonsa! Amma bari a ɗauko daga tushe, yadda ake yi wa manya.

Haihuwa da aure

An haifi Mama Magdalene a Kachia a shekarar 1951. Babanta Dickson manomin citta ne, mamanta Rachael mai kunu. Ta yi firamare zuwa aji huɗu, gona ta kira ta. A 1970 ta auri Baba Meshak, ma'aikacin reluwe, suka tare a Kafanchan.

Shugabanci

A 2009 aka zaɓe ta shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, alhali zumunta ta riga ta tsage biyu: matan reluwe masu leshi, ana ce musu Amurka, da matan citta masu yawa da murya, su ne Rasha. Rigimar duk a kan babban tulun kiɗa ce, wa zai riƙe shi. Shekara goma sha biyar Mama tana zirga-zirga tsakaninsu, ta sha kunu nan, ta ci tuwo can, kowa ya ce mata to, ba wanda ya sauko.

A 2022 Kaleb, ɗan jagorar Rasha, ya auri Hellen mai wannan rubutu, 'yar jagorar Amurka. Da aka haifi jaririya, kakanni biyu suka rantse ba mai zuwa miƙa ta ga Ubangiji a coci in ɗayar tana wurin. Wata huɗu yarinya tana jira.

Rasuwa

Tana kwance ba lafiya, Mama ta aika wa Amurka tulu, ta aika wa Rasha soson da ake buga shi, da wasiyya cewa kada a sa ta a ƙasa sai tulun ya yi magana. Tulu kuwa ba ya magana babu soso.

Ta rasu ran 3 ga Maris, 2025. Ranar jana'iza aka yi tsaye a bakin kabari har rana ta take, sai jagorar Amurka ta rungumo tulu ta zauna kusa da jagorar Rasha, ita kuma ta ɗaga soso ta buga.

Ta bar 'ya'ya biyar: Jonathan, Ishmael, Regina, Jason da Endurance. Sai takwararta ƙaramar Magdalene, jaririyar nan wadda aka miƙa ran Lahadin da ta biyo, kakanni biyu suna rigimar wa zai goya ta.

Don Allah wanda ya karanta ya tura wa 'yan garin Gwantu, har yanzu ba su yarda an shirya ba!