Ranar da Muka Auna Hanya da Makara

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan. Amma ranar da muka ɗauki makara babu gawa a cikinta muka ratsa gonar mahaifinmu da ita, wannan tana tare da ni har in koma ga Allah.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Ɗanbatta, gida jingine da gida, gona jingine da gona. Muna yara, jaki da mangalarsa yakan wuce lungunmu bai goga katanga ba. Da aka fara rushe katangar ƙasa ana yin ta bulo, sai kowa ya riƙa turo tasa waje. Ba wanda ya ci da yawa. Wannan tafin hannu, wancan ɗan taku. Ba mu san abin da muka yi wa kanmu ba sai ranar da matata ta rasu.

Ba zan tsawaita a nan ba. An yi mata sutura, aka ɗora ta a makara. Da muka zo kwanar lungu, makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka sake gwadawa, ta ƙi. Sai da aka karkata ta, ni kuma na sa hannu na tare gawar don kada ta zame. Mace ta yi zamanta da mutuncinta, muka fitar da ita a karkace.

Bayan wani lokaci gari ya matso har bakin gonarmu ta gado. Yayana, wanda shi ne babba a gidan, ya ce a yanka ta fulotai kowa ya ɗauki kasonsa. Ya kawo wani dillali daga wani gari, da igiya da turaku. Mutumin ya yayyanka ta ƙanana ƙanana kamar awara, ya bar 'yar siririyar hanya a tsakani. Ma'aikacin filaye ya zo daga ƙaramar hukuma ya yi mana bayani a natse. Ya ce fuloti ya yi faɗin da masai zai yi nesa da rijiya, a bar hanyar da mota za ta shiga, mai gini kuma ya ja baya daga bakin hanya, indararonsa ya zuba a filinsa. Aka dama masa fura, aka yi masa godiya. Ma'aikacin yana tayar da babur, yayana ya ce, "Dokar birni ce wannan. Mu nan wa ke da motar?"

Dillali ya ce, "Alhaji, ƙasa ba ta haihuwa. Abin da ka bar wa hanya, awaki ka bar wa."

Na sami yayana a zaure na ce a sake dubawa. Ya ce, "Kai tun da aka yi rashin nan komai tsoro yake ba ka." Bai faɗa da mugunta ba. Ni kuma ban iya doguwar magana ba, sai na tashi.

Ranar da dagaci zai zo shaida rabon, bayan sallar Azahar na tsaya wurin liman na ce ina neman aron makara.

"Innalillahi! Wa aka rasa?"

"Ba kowa, Malam. Awo zan yi."

Liman shi ya sallaci matata, ya ga abin da ya faru a lungun. Ya sa takalminsa ya ce, "Kama gaba. Ni zan riƙe baya." Mutum biyu daga sahu suka kama mana.

Da mutanen da ke gona suka hango mu, duk suka miƙe ana salati. Dillali ya ce, "Subhanallahi! Malam, wane irin mugun fata ne wannan?" Na gaida dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, izini nake nema mu bi hanyar da aka yanka." Ya ɗaga mini kai.

Muka shiga tsakanin igiyoyi. Tun a miƙe muna tuntuɓe da turaku. Da muka zo kwana, muka tsaya cik. Babu yadda za a juya sai an haura igiya, igiyar nan kuwa gobe katanga ce.

Dillali ya yi dariya ya ce, "Haba jama'a! Ai sai ku ɗan karkata ta, ta wuce."

Shi baƙo ne, bai san abin da ya taɓo ba. Amma sauran duk suna wurin jana'izar, yayana kuwa shi ne a gaban makara ran nan. Na ga ya sunkuyar da kai. Can sai ya tattare babbar rigarsa, ya zo ya tuge turken kwanar da hannunsa ya yar.

"Ku yi ta tafiya," in ji shi. "Inda kuka taka, nan ne hanya. A kuma ƙara faɗi saboda motar da na ce babu."

Na ce a rage daga kasona. Ya harare ni ya ce, "Kai kaɗai ne za ka mutu?" Aka fashe da dariya, har da liman da ke riƙe da makara. Rabona da dariya tun kafin rasuwar.

A wurin dagaci ya yanke cewa duk mai gini a ƙasarsa sai ya kira mai unguwa kafin ya haƙa tushe, ya kuma ja baya daga bakin hanya. Aka sake kiran ma'aikacin nan ya auna. Fulotan suka ragu, ba wanda ya yi ƙorafi sai dillali.

Bara surukar yayana, matar ɗansa da ya yi gini a gonar, ta sha wuyar naƙuda. Mota ta shiga har ƙofar gida ta ɗauke ta, ta dawo da ita da 'ya mace. Ranar suna na ji an raɗa wa yarinyar sunan matata. Na fita na tsaya a bakin hanyar, na yi mata addu'a.

Abin da na koya shi ne, filin da ka bari a ƙofar gidanka ba asara ba ne. Wata rana ta nan za a shigo maka da taimako, wata rana kuma ta nan za a fita da kai, a miƙe.