Lemo Sha Ake Yi

Shekarar da makaranta ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe 'yata ta fari ba, muna zaune a ƙasar Larabawa, a unguwar Abu Hail, a saman wani shagon gyaran waya. Shekararta goma a lokacin, amma tunaninta bai wuce na 'yar shekara biyar ba. Babanta, mai aikin kago, wato aika kaya ƙasashen waje, a Al Khabaisi, ya yanke magana a taƙaice yadda ya saba: in ba a samu cibiyar masu irin lalurarta da za mu iya biya ba, a mai da ita Kano wurin mahaifiyarsa. Ni kuwa tun da na haife ta ba mu taɓa kwana a gida daban ba.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Zariya ce ta ce min ai akwai tallafin naƙasassu. Na ɗauki yarinyar muka tafi ofishin da ta kwatanta min, na yi ta neman inda aka rubuta naƙasassu ban gani ba. Duk inda na duba, ashabul himam. Larabcin Islamiyya ya ishe ni in gane himma ake nufi, don haka na ɗauka wurin masu karɓar lambar yabo ne, na ja 'yata muka koma gefe. Sai da wata ma'aikaciya ta gaji da ganinmu ta zo ta ce min a ƙasar nan haka ake kiran naƙasassu, masu himma. Abin ya ɗaure min kai, don duk malamin da ya taɓa koyar da yarinyar nan ƙorafinsa ɗaya ne, ba ta da himma.

Ta kuma ce kuɗin wata-wata na 'yan ƙasa ne. Mu baƙi kati ake ba mu, kuma katin ne cibiyar ke nema kafin ta yi rangwame. Amma sai likita ta gwada yarinyar tukuna.

Ni da na ji gwaji, sai na ji jarrabawa. Haka ma na gaya wa 'yata. Na zaunar da ita muka shiga bita, launuka da ƙirga da yadda ake gaisuwa, har da 'yar tsawata. Muna ciki maƙwabciyar nan ta shigo aron turmi, ta tsaya tana kallonmu.

"Maman yara, me kike yi haka? In ta ci fa, khalas, shi ke nan, ba kati."

Shekara goma ina roƙon Allah ya buɗe wa yarinyar nan ƙwaƙwalwa, ranar kuwa na ɗaga hannu bayan la'asar na rasa wanne zan roƙa. In ce ta ci, a raba ni da ita, ko in ce ta faɗi? Ban san uwar da ta taɓa roƙon haka ba.

Likitar 'yar Indiya ce, mai fara'a. Ta fara da tambayata sunan yarinyar, na yi turus, don 'yar fari ce, sunan bai saba da bakina ba. Na tura mata fasfo. Ta dube ni kamar ni ma za ta ba ni nawa katin.

Da yake yarinyar Hausa kawai ta iya sosai, ni aka sa tafinta, aka kuma ja min kunne kada in ƙara kada in rage. Aka ba ta katakai ta jera, ta kasa. Aka tambaye ta ranakun mako, ta tsaya a Talata. Duk inda ta kasa sai in ji zafi a ƙirjina, can ƙasa kuma in ji wani sanyi, sai in ji kunyar sanyin.

Sai likitar ta ɗaga hoton lemo, ta ce in tambaye ta me ake yi da shi.

"Sha ake yi," in ji 'yata, ba ko jinkiri.

Na fassara yadda ta faɗa. Likitar ta sake nuna hoton, ta ce ɗan itacen fa, ba na kwalba ba. 'Yata ta ce ita ma shi take nufi, ayaba ce ake ci, lemo sha ake yi. Na ga likitar ta ɗan girgiza kai ta yi rubutu.

Wallahi duk ranar ba ta ba da amsar da ta kai wannan ba. Na san in na yi shiru katin ya matso, amma bakina ya riga ni. Da guntun Turancina na shiga bayanin cewa a wurinmu lemo da mangwaro da rake duk sha ake yi, har magani, har wahala. Likitar ta saurara da haƙuri, ta ce ba komai, ta ƙara wani rubutun. Har yau ban san ko gyara ta yi ba, ko kuwa ni ta rubuta.

A cikin jirgin ƙasa muna komawa, 'yata ta ja min hijabi.

"Umma, na ci?"

Na ce sai sakamako ya fito.

Bayan 'yan makonni katin ya zo, da hotonta tana murmushi. Cibiyar ta karɓe ta, babanta bai sake tayar da zancen Kano ba. Shi ne ya karanta mata rubutun da ke jiki, ya ce an ce tana cikin masu himma. Ta ɗauka ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa tana nunawa, tana cewa ta ci jarrabawa. Da ta gama zagaye ta dawo ta same ni a kicin, ta sa min katin a gaban ido.

"Umma, ke ba ki ce min sannu ba."

Na goge hannuna da zani, na ce mata sannu da himma.