Kwabo Biyu a Kan Allura

Garmahon nan a hannun wani injiniya Ba'indiye na saye shi, a masaƙar da nake aiki a Challawa, lokacin da zai koma ƙasarsu. Ba don kaina na saya ba. Inna tana da faifai ɗaya tak, na wasu makaɗan garinsu, kuma a cikin 'yan amshi akwai ƙanenta da ya rasu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ta ce in sa mata. Ita tana tsinto muryarsa cikin mutum biyar, ni kuwa ban taɓa iyawa ba.

Da allura ta fara tsalle, sai na yi abin da kowa ke yi a layinmu na Panshekara: na manna kwabo da cingam a kan hannun garmahon don ya danne ta. Wani dattijo mai gyaran wutar masaƙarmu, mutumin Damagaram, ya ji labari ya ce zai zo ya duba. Ni tun daga nan ban yarda da shi ba. Wa ya aike shi?

Ya zo ran Asabar da hantsi, da sabon kan allura a cikin kwalin ashana. Ya ɓamɓare kwabona ya ajiye gefe kamar ƙazanta. Ya kwance tsohon kan, ya jona wayoyi huɗu sirara kamar gashi, sannan ya yi ta murza wani dunƙulen ƙarfe a gindin hannun har hannun ya tsaya cak a iska. Sai ya ɗan ƙara murzawa.

"Shi ke nan," in ji shi. "Kada ka sake ɗora masa komai."

Na ɗaga hannun da yatsa. Kai! Ba nauyi ko kaɗan. Na ce, "Malam, anya ba ku rage wani abu ba?"

"Haka ake so. Allura shafar faifai take yi, ba noma ba."

Ya jefa tsohon kan a aljihu, ya hau kekensa, ko ruwa bai tsaya sha ba. A nan raina ya ɓaci. Tsohon kan ƙarfe ne mai nauyi, wannan kuwa roba zalla. Na ce lallai an yi mini musaya ina ji ina gani. Faifan yana tafiya lafiya lau, amma zuciyata ta ƙi. Na mayar da kwabona, na ƙara wani a kai don haushi.

Juma'a uku kacal, waƙa ta fara shaƙewa, wani baƙin gari yana taruwa a bakin allura. Na ce yawwa, asirinsa ya tonu! Na same shi a wurin aiki ina huci. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya miƙo mini tsohon kan, naɗe cikin takarda.

"Duba bakinsa, a karye yake. Na ɗauke ne don kada ka mayar da shi." Sai ya dube ni. "Ka ɗora wani abu, ko?"

Na kasa ɗago kai. Baƙin garin nan ashe jikin faifan ne nake kankarewa.

Na cire kwabban, na goge faifan da ƙyalle, na yi ta addu'a. Ran Juma'a Inna ta matso da kunnenta dab da garmahon har waƙa ta ƙare. Ta ce in sake sawa, na sake. Ganguna suna nan, amma 'yan amshin sun zama hayaniya.

"Yau ban ji shi ba," ta ce.

Ta naɗe faifan a cikin tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta ƙara cewa in sa mata ba.