Rijiyar Dada ta Ƙafe

Mun bar tashar Jalingo ana idar da sallar asuba, mu bakwai a motar mutum biyar. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ramukan hanyar Lau kuwa ko ɗaya bai ragu ba. Kowa na hira da na kusa da shi, ni ina rungume da jakata. Zan je ɗauko mahaifiyata ne, Dada. Rijiyar gidanta ta ƙafe, ciwon gwiwa ya hana ta zuwa famfo, gidan kuma ba kowa sai ita. Gaskiya ban yi baƙin ciki sosai ba. Tun rasuwar matata ni kaɗai nake zaune, kuma na gaji.

Muna gangarawa Lau sai ga shinkafar rani kore shar a bakin Binuwai, injinan ban-ruwa na ta ruri. Na sayi soyayyen kifi a tasha. Mai kifin ta rantse na safe ne, ban dai tambaye ta safiyar wace rana ba.

Dada ta ci kifin, ta saurari abin da ya kawo ni, ta ce, "Nan babanka ya bar ni."

Don kada a ce ban yi ƙoƙari ba, na kira tsohon da ya haƙa rijiyar. Ko leƙa ta bai yi ba. Ya bubbuga simintin tsakar gida da sandarsa, ya zagaya bayan gida inda kududdufi yake a da. Ni na sa aka cike kududdufin saboda sauro, ni na shafe tsakar gidan da siminti, har hoto na ɗauka na tura wa 'yan'uwa.

"Yallaɓai, rijiya ba ya yin ruwa da kansa," in ji tsohon. "Abin da ƙasa ya sha da damina, shi yake ba ka da rani. Je ka duba gidajen bakin gonan shinkafa, rijiyan su cike, don kullum ana ba ƙasa ruwa. Kai ka rufe masa baki."

Dada ba ta ji maganar nan ba. In na yi shiru, dole ta biyo ni. Wuni guda na yi ina juya abin a raina, ina jin kunyar kaina. Washegari na aro diga na fara fasa simintin, har tafin hannuna ya saluɓe. Na sa aka sake tone kududdufin, na shirya da mai kurar ruwa ya riƙa kawo mata. Tsohon ya ce sai an yi damina ɗaya, wataƙila biyu, kafin rijiyar ta dawo da ruwa.

Na iso Jalingo da la'asar, ni kaɗai. Tafiyar ta koya mini cewa ruwan rijiya daga sama yake farawa, kuma ba duk gyaran da ɗa ya yi wa uwarsa ne yake amfanar ta ba. Ɗakin da na share mata, har da sabon labule, na ja ƙofarsa na kulle.