Ruwan Lahadi da Ruwan Juma'a

Mai yiwuwa na haɗa rani biyu wuri guda a kaina, amma ga abin da nake tunawa.

Bayan na gama jami'a na karɓi hayar ɗan fili kusa da Bunkure, na dasa tumatir. A iya sanina ni kaɗai ne Kirista a layin gonakinmu, kuma rabona na ruwan ban-ruwa ya faɗo safiyar Lahadi. In na tafi coci, dashen zai bushe. Fastonmu yakan ce mai son maganar bangaskiya ya fara da tambaya. Ni kuwa tambayar ma tsoro take ba ni, kada a ce wa'azi na zo yi.

Maƙwabcina dattijo ne mai noman albasa, nasa rabon kuwa Juma'a ne da rana. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Baba, in ka tafi masallaci wa yake kama maka ruwa?"

"Allah mana," in ji shi, yana dariya. "Sai dai rabinsa gonar wani yake tafiya."

A ranar muka shirya, ni in kama masa Juma'a, shi ya kama mini Lahadi. Daga nan tambaya ta koma hannunsa. In na dawo, sai ya jingina fartanya ya ce, "Ɗana, yau me aka ce muku?" In faɗa masa a taƙaice, in tambayi huɗubarsu. Kowa yana nan kan addininsa, tumatir kuma ya yi kyau.

Wanda ya zauna a layin nan, in ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko mini da gyara.